Yeshuwa Ɗan Sira: Malamin Da Ya Karanta Shaidar Sammai

A shekarar 1896 wasu mata biyu tagwaye 'yan ƙasar Sikotilan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka komo gidansu a birnin Kambirij na Ingila daga doguwar tafiya da suka yi zuwa Masar da Falasɗinu. Cikin kayansu akwai tarin tsofaffin takardu da suka saya a hanya. Da suka zo kan wata guntuwar takarda mai rubutun Ibrananci wadda suka kasa gane littafin da ta fito, sai suka nuna wa Solomon Schechter, wani malami Bayahude da yake koyarwa a jami'ar birnin. Ranar 13 ga watan Mayu ya aiko musu da saƙo cikin zumuɗi cewa takardar nan wani yanki ce na littafin Ɗan Sira, a harshen da aka fara rubuta shi, wanda ya ɓace wa masana shekaru ɗaruruwa.

Mai littafin ya kwanta da kakanninsa fiye da shekara 2,000 kafin wannan rana. Ya yi zamaninsa ne tsakanin Malakai da Matiyu, wato shekarun nan wajen 400 da mai karatun Littafi Mai Tsarki yakan tsallake da juya shafi ɗaya. A waɗannan shekaru ma Allah bai rasa masu tsoronsa ba, Ɗan Sira kuwa yana cikin fitattunsu. Ya koyar da samarin Urushalima sa'ad da hikimar baƙi ta cika ƙasar, al'ummai na kewaye suna yi wa rana da wata sujada, masu duba kuma suna karanta rabon mutum a taurari. Abin da ya koya wa almajiransa game da sararin sama ya isa a tuna da shi.

Asalinsa da zamaninsa

Yawancin marubutan Yahudawa na dā ba su sa suna a kan abin da suka rubuta ba. Shi kuwa ya sa nasa a ƙarshen sura ta 50, inda ya nuna cewa shi Yeshuwa ne, ɗan Ele'azara, jikan Sira, mutumin Urushalima. Da sunan kakan nan aka fi saninsa. Yahudawa suna ce masa Ben Sira, masu jin Helenanci kuwa Sirak. Yeshuwa suna ne da ya yawaita a cikin Yahudawa, shi ne kuma yake zama Yesu a Helenanci, saboda haka kada a ruɗe in an ga tsofaffin littattafai suna kiransa Yesu ɗan Sirak. Ya riga Ubangiji zuwa duniya da fiye da ƙarni biyu.

Masana sun kimanta haihuwarsa wajen shekarar 250 kafin haihuwar Almasihu (K.H.). Kafin wannan lokaci Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, ya riga ya ci ƙasashen gabas. Yahudiya ta shiga hannunsa a 332 K.H., ya mutu a Babila a 323 K.H., sa'an nan jarumawansa suka raba daular. Masar ta zama ta gidan Talomi, Suriya da Babila kuwa na gidan Selukas. Yahudiya ƙaramar ƙasa ce a kan hanyar da ta haɗa su, gidajen biyu kuma suka gwabza yaƙi har sau biyar cikin kimanin shekara 80 a kan wannan yanki.

Ɗan Sira ya tashi a ƙarƙashin sarakunan Masar. Yana da manyan shekaru sa'ad da Antiyokus na 3, sarkin Suriya, ya ci rundunar Masar wajen 200 K.H. a Faniyon, kusa da mafarin Kogin Urdun, wurin da daga baya aka kira Kaisariya Filibi. Masanin tarihi Yusufus ya rubuta cewa sabon sarkin ya yarje wa Yahudawa su bi dokokin kakanninsu, ya sassauta haraji, ya kuma taimaka a gyara Haikali. An sami ɗan sukuni. Amma harshen Helenanci, da tufafinsu, da wasanninsu, da tunaninsu sun riga sun shiga gidajen manya, matasa kuwa sun fara kallon Shari'ar Musa kamar tsohon yayi.

Magatakarda kuma malami

Sana'ar Ɗan Sira ita ce ta magatakarda, wato masanin Attaura wanda yake nazarin littattafai, yake ba masu mulki shawara, yake kuma koyarwa. A sura ta 38 da ta 39 ya auna wannan aiki da sauran sana'o'i. Ya siffanta manomi a bayan garmar shanu, da mai sassaƙa hatimi, da maƙeri a gaban uwar maƙera yana shan zafin wuta da ƙarar guduma, da maginin tukwane. Ya yaba musu, ya kuma yarda cewa gari ba ya tsayuwa sai da su. Duk da haka ya ga cewa neman hikima yana bukatar mutumin da ya keɓe kansa domin nazarin Shari'a da annabawa da karin maganar magabata, wanda yakan tashi da asuba ya nemi fuskar Mahaliccinsa.

Bai tsaya a Urushalima kaɗai ba. Ya ba da labari cewa ya yi tafiye-tafiye, ya ga abubuwa da yawa, sau da dama kuma ya shiga hatsarin mutuwa. A addu'ar godiya da take a sura ta 51 ya tuna yadda masu ƙazafi suka kusa kai shi kabari, ya yi kira ga Ubangiji, aka cece shi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, a gare shi kuwa ta buɗe ido. Ya san abin da baƙi suke koyarwa, ya ɗauki mai amfani, ya auna shi da Shari'a. Misali, a lokacin da waɗansu suke ganin zuwa wurin likita rashin bangaskiya ne, shi ya koyar cewa a girmama likita, domin Allah ne ya ba shi gwaninta, shi ne kuma ya tsiro da magunguna daga ƙasa. Mara lafiya ya yi addu'a, ya tuba, sa'an nan ya bar likita ya yi aikinsa.

Da ya manyanta sai ya buɗe makaranta a Urushalima, ya gayyaci marasa ilimi su zo gidan koyarwarsa. Wajen 180 K.H. ya tattara darussansa cikin littafi wanda a yau yake da sura 51. Akwai girmama iyaye, da zaɓen aboki, da kame harshe, da ba da rance, da tsayawa lamuni, da taimakon matalauci, har da ladabin cin abinci a gaban manya. Duka ya ɗora su a kan tushe ɗaya, wato tsoron Ubangiji, a sura ta 24 kuma ya nuna cewa hikimar da mutane suke yawon nema a ƙasashe tana nan cikin Shari'ar da aka ba Isra'ila.

Abin da al'ummai suke gani a sama

Domin a gane nauyin koyarwarsa game da sammai, sai a dubi duniyar da almajiransa suke ciki. A Masar ana bauta wa rana da sunan Ra. A Babila rana allah ce mai suna Shamash, wata kuma Sin, wanda manyan ɗakunan tsafinsa suke a Ur da Haran, garuruwan da Ibrahim ya baro. Malaman Babila sun raba hanyar rana a sama kashi 12, suna duba inda taurari suke a ranar haihuwar yaro su faɗi abin da zai same shi, wannan ilimin duba kuwa yana ta yaɗuwa zuwa yamma. A tsibirin Rodusa Helenawa sun kafa wa allahnsu na rana gunkin tagulla mai tsayin fiye da mita 30, wanda girgizar ƙasa ta kayar wajen 226 K.H.

A gefe guda kuma akwai masana na gaske. A Iskandariya, wajen 240 K.H., Eratostenis ya gwada inuwar tsakar rana a garuruwa biyu na Masar, ya lissafa kewayen duniya. Waɗansu masu falsafa kuwa, ganin tsarin da yake cikin halitta, suka ce duniyar kanta ita ce Allah. Saurayi Bayahude da ya ji waɗannan abubuwa yana iya tambayar kansa ko kakanninsa makiyaya sun san wani abu game da sama.

Jarabar ba baƙuwa ba ce a Isra'ila. Musa ya gargaɗe su kada su ɗaga ido su ga rana da wata da taurari su ruɗu. Duk da haka Sarki Manassa ya gina wa rundunar sama bagadai a farfajiyar Haikali. Sarki Yosiya ya kawar da dawakan da aka keɓe wa rana, ya ƙone karusansu. Annabi Ezekiyel ya ga mutum wajen 25 sun ba Haikali baya, sun fuskanci gabas suna yi wa rana sujada. Ɗan Sira ya san wannan tarihi, ya kuma san ya ƙare da zaman bauta a Babila.

Ya gaji wata hanya dabam daga littattafan mutanensa. Farawa ta kira rana da wata fitilu kawai, waɗanda aka rataye domin su ba da haske su kuma raba lokatai. Musa da Ishaya sun kira sama da ƙasa su tsaya shaida a shari'ar da take tsakanin Allah da jama'arsa. Zabura ta 19 ta nuna sammai suna shelar ɗaukakar Allah ba tare da murya ba, ta 89 kuma ta kira wata amintaccen mashaidi. A littafin Ayuba, Ubangiji ya tambayi bawansa ko shi ne yake ɗaure Kaza da 'Ya'yanta, ko yake fito da taurari a kan lokacinsu. A kan wannan harsashi Ɗan Sira ya yi nasa ginin.

Waƙarsa ta halitta

Daga tsakiyar sura ta 42 zuwa ƙarshen ta 43 ya rubuta doguwar waƙar yabo a kan ayyukan Allah. Ya buɗe ta kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, da alkawarin zai faɗi abin da idonsa ya gani. Ya fara da rana, wadda fitowarta kaɗai shela ce ta gwanintar wanda ya yi ta. Ya kwatanta zafinta na tsakar rana da tanderu, ya nuna yadda take ƙone duwatsu, take kashe ido. A daidai inda Bamasare zai durƙusa, shi sai ya juya ya yabi wanda ya yi ta, wanda da umarninsa take gaggawa a kan hanyarta.

Sa'an nan ya ɗauki wata. A wurin Yahudawa wata ne yake ƙayyade kwanaki. Tsayuwarsa ce mafarin kowane wata, wanda yakan yi kwana 29 ko 30, Idin Ƙetarewa da Idin Bukkoki kuma suna zuwa ne sa'ad da ya cika. A wancan zamani akwai Yahudawan da suke son a bi lissafin rana mai kwana 364, amma Ɗan Sira ya nuna wata a matsayin alamar idodi, yana raguwa yana sabuntuwa, kamar tutar rundunar sama. Taurari kuwa ya gan su kamar masu tsaro, kowanne a inda aka tsayar da shi, ba mai gajiya da gadi. Da ya zo kan bakan gizo, sai ya gaya wa mai karatu ya dube shi ya sa wa Mahaliccinsa albarka, gama hannun Maɗaukaki ne ya ja wannan baka.

Daga nan ya sauko kan iska da ruwa. Ya yi maganar walƙiya da tsawa, da gizagizai masu tashi kamar tsuntsaye, da ƙanƙara. Urushalima tana kan tuddai, a waɗansu shekaru dusar ƙanƙara takan sauka mata da hunturu. Ya ga saukar dusar kamar fara ta sauka a gona, ya kwatanta jaura da gishirin da aka barbaɗa a ƙasa, ruwan tafki kuma da jarumin da ya sa sulke sa'ad da iskar arewa ta daskarar da shi. Ya tuna da raɓa mai wartsakarwa bayan zafi, da teku da tsibiranta, da labaran ban tsoro da matuƙan jirgi sukan kawo.

A ƙarshe ya yarda cewa magana ta gaza. Ya yi amfani da wata kalma mai kama da ta masu falsafa, cewa Allah shi ne duka, amma nan take ya tsare ta da cewa Allah ya fi dukan ayyukansa girma. Ya ce wa masu yabo su yi iyakar ƙoƙarinsu kada su gaji, ko da yake ba za su kai ba, domin abin da ido ya gani kaɗan ne, waɗanda suke ɓoye sun fi girma.

Masu biyayya a sama, masu zaɓi a ƙasa

Mashaidi a gaban shari'a yana magana ne a kan wani, ba wanda yakan ɗauke shi a matsayin mai ƙara ko alƙali. Haka Ɗan Sira ya ɗauki sammai. Duk inda ya siffanta kyan wata halitta, sai ya bi shi da sunan wanda ya yi ta. Bai rena su ba, bai kuma hana a yi nazarinsu ba, shi kansa ya lura da su da idon mai bincike. Abin da ya ƙi shi ne a nemi wurinsu abin da ba su da shi. A sura ta 34 ya kira duba da camfi da dogara ga mafarkai aikin banza, kamar mai kama inuwa. A sura ta 17 ya tuna wa almajiransa cewa rana, wadda ba abin da ya fi ta haske, ita ma takan yi husufi. A sura ta 33 ya yi tambaya, in hasken kowace rana daga rana ɗaya yake fitowa, me ya sa wata rana ta fi wata tsarki? Amsarsa ita ce Ubangiji ne ya bambanta su. Babu ranar sa'a ko ta tsiya da tauraro ya yanka wa mutum.

Shaidar sammai tana da wani gefe mai sosa zuciya. A sura ta 16 ya nuna cewa halittun nan ba sa jin yunwa, ba sa barin aikinsu, ba wanda yake ture maƙwabcinsa, ba kuma wanda ya taɓa ƙin maganar Ubangiji. Nan da nan sai ya juya kan mutum, wanda aka ba ido da kunne da zuciya domin ya ga girman ayyukan Allah, aka kuma ba shi Shari'a. Tauraro ba shi da zaɓi. Mutum kuwa, in ji koyarwar sura ta 15, an ajiye masa wuta da ruwa, rai da mutuwa, ya miƙa hannu ga wanda yake so, kada kuma ya ɗora wa Allah laifin zunubinsa. Saurayin da ya kwana yana kallon taurari suna bin umarni, ya tashi da safe ya karya nasa, sammai sun zama shaida a kansa.

Wannan tunani ne ya sa, da ya gama waƙar halitta, ya shiga yabon magabata daga sura ta 44, tun daga Anuhu da Nuhu da Ibrahim har zuwa Nehemiya. Ya rufe jerin da mutumin da ya gani da idonsa, babban firist Saminu ɗan Oniya, wanda ya gyara Haikali, ya ƙarfafa garun birni, ya kuma haƙa babbar matarar ruwa. Da yake siffanta fitowar Saminu daga Wuri Mai Tsarki a ranar hidima, 'ya'yan Haruna suna busa ƙaho, jama'a sun faɗi rubda ciki, ya kwatanta shi da gamzaki a tsakiyar gajimare, da wata a daren cikarsa, da rana a kan Haikali, da bakan gizo. Kwatancin da ya yi wa sammai shi ya yi wa bawan Allah da ya tsaya a inda aka sa shi.

Ɗan Sira mutum ne na zamaninsa, yana kuma da rauninsa. Waɗansu maganganunsa a kan mata da 'ya'ya mata masu tsanani ne ƙwarai, haka ma shawararsa a kan horon bayi. Game da mutuwa, begensa ya tsaya ne ga suna nagari da zuriya, bai kai ga hasken tashin matattu da Bishara ta bayyana ba. Mai bi yakan karanta shi yana auna shi da koyarwar Almasihu.

Abin da ya biyo baya

Littafin bai ambaci masifar da ta auko wa Urushalima ba, shi ya sa masana suka ce an gama shi kafin ta zo. A 175 K.H. Antiyokus na 4 ya hau gadon Suriya. Ya laƙaba wa kansa sunan da yake nufin allah bayyananne, a waɗansu kuɗaɗensa ma an zana shi da kambi mai tartsatsin haske irin na rana. Yason, ɗan Saminun nan da aka yaba, ya sayi matsayin babban firist da kuɗi, ya ture ɗan'uwansa Oniya na 3, ya gina filin wasannin Helenawa a birnin. A 167 K.H. aka ƙazantar da Haikali, aka hana kaciya da kiyaye Asabar. Mutane da yawa suka bi sarki, waɗansu kuwa suka gwammace mutuwa. Yahuza Makabi ya ƙwato Haikali ya tsarkake shi a 164 K.H., wannan ne asalin idin da Yahaya sura ta 10 ta nuna Yesu yana Haikali a lokacinsa. Tsarar da Ɗan Sira ya koyar ita ce ta fuskanci wannan gwaji.

A 132 K.H. jikansa ya sauka Masar, ya tarar da Yahudawa da yawa waɗanda Helenanci ya zama harshensu. Ya ɗauki wahalar fassara littafin kakansa domin su. A gabatarwar da ya rubuta ya roƙi masu karatu su yi masa haƙuri, domin magana takan rage ƙarfi in an juya ta daga Ibrananci zuwa wani harshe. Ya kuma ambaci Shari'a da Annabawa da sauran littattafai, abin da ya zama tsohuwar shaida a kan yadda aka kasa Tsohon Alkawari kashi uku.

Malaman Yahudawa ba su sa littafin cikin jerin littattafansu masu tsarki ba, ko da yake sun riƙa kawo maganganunsa. Ikkilisiyar farko ta karɓe shi a fassarar Helenanci, ta yi ta amfani da shi wajen koyarwa, har a Latin aka kira shi Eklesiyastikus, wato littafin ikkilisiya. Katolika da Otodoks suna lissafa shi cikin Nassi, taron Tarent ya tabbatar da haka ga Katolika a 1546. Martin Luther ya ware shi cikin Afokirifa a Littafi Mai Tsarki na Jamusanci na 1534, a matsayin littafi mai amfanin karantawa wanda bai kai Nassi ba. Anglikan suna karanta shi domin gyaran hali, ba domin kafa koyarwa ba, ikkilisiyoyin bishara da yawa kuma ba su da shi a nasu bugun. Masana sun lura da kamanni tsakaninsa da wasiƙar Yakubu, musamman a kan saurin ji, da kame harshe, da cewa Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta.

Bayan abin da ya faru a 1896, Schechter ya tafi Alƙahira, ya shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na majami'ar Ben Ezra, ya kwaso guntaye fiye da 100,000, cikinsu har da ƙarin shafuffukan Ɗan Sira. Waɗansu suka yi gardama cewa wannan Ibrananci fassara ce ta baya. A 1964 masu tono a ƙarƙashin Yigael Yadin suka sami naɗaɗɗen littafi na fata a Masada, kagarar da take bisa dutse kusa da Tekun Gishiri, wadda Romawa suka ci wajen shekara ta 73 bayan haihuwar Almasihu. An kwafe shi tun kafin zuwan Almasihu, ya kuma yi daidai da na Alƙahira a mafi yawan wurare. Sashen da ya tsira ya kama daga sura ta 39 zuwa ta 44, waƙar rana da wata da taurari tana cikinsa. Kimanin kashi biyu cikin uku na littafin ne aka samu a Ibrananci.

Darasi ga iyali

Binciken masana ya ƙara wa maganarsa nauyi. Rana tana da nisan kilomita wajen miliyan 150, haskenta yakan yi minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso duniya. Taurarin da ido yake iya gani 'yan dubbai ne, amma garken taurarin da rana take ciki ya haura biliyan 100, irin wannan garke kuma suna da yawan gaske. Tsohon malamin da ya ce abin da aka gani kaɗan ne bai yi kuskure ba.

Jarabar da ya yaƙa ma ba ta mutu ba. Ana buga abin da taurari suka ce a jaridu da wayoyin hannu, akwai kuma masu sunan bi da sukan nemi mai duba ya zaɓar musu ranar aure ko ta tafiya. Manzo Bulus ya gaya wa mutanen Listira cewa Allah bai bar kansa ba mashaidi, ya nuna musu ruwan sama da damina mai albarka. A Romawa sura ta 1 kuma ya nuna cewa halitta tana bayyana ikon Allah, laifin mutum shi ne ya bauta wa halitta ya bar Mahalicci. Masanan gabas da suka bi tauraro zuwa Baitalami, da suka iso, ɗan yaron suka yi wa sujada.

Iyaye suna da makaranta irin ta Ɗan Sira a tsakar gidansu. Daren da aka ɗauke wuta, ko lokacin farin wata bayan kaka, uba ko uwa suna iya zama da yara a tabarma su nuna musu Zara da Kaza da 'Ya'yanta, su karanta Zabura ta 8 ko ta 19 tare. Suna iya bayyana musu abin da ya sa ranar Ista take canzawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato domin har yanzu ana lissafa ta da cikar wata, kamar Idin Ƙetarewa. Yaron da aka koya masa tun yana ƙarami wanda ya rataye fitilun nan, da wuya mai duba ya tsorata shi da su in ya girma. Ubangiji ya ba gidajen masu bi idon gani da zuciyar biyayya. Amin.